Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan duniyar da shekararta kwana huɗu ce

Assalamu alaikum. Hajiya, kin rubuto cewa ɗanki ya dawo daga makaranta yana ba ki labarin wata duniya da ke cika shekara a kwana huɗu, wadda zafinta ke narka ƙarfe, kina tambaya ko an taɓa ganinta ko kuwa tatsuniya ake koya wa yara. Na daɗe ina koyar da kimiyyar lissafi da ta halittun sama a wata makarantar sakandare a nan Garwa, don haka zan faɗi abin da na sani.

Yaron bai yi ƙarya ba. Sunan duniyar 51 Pegasi b, kuma wasu masana biyu na Jami'ar Janeba ta Suwizalan, Michel Mayor da Didier Queloz, su ne suka gano ta a 1995 daga wata cibiyar duban taurari da ke kudancin Faransa, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2019. Shekararta ita ce zagaye ɗaya da take yi wa wani tauraro mai kama da ranarmu, wanda haskensa ke yin kimanin shekara 50 kafin ya iso mu. Nauyinta ya kusa rabin na Mushtari, babbar duniyar da ke cikin iyalin rana, kuma kamar Mushtari ba ta da ƙasar da za a taka, dunƙulen iska ce. Abin da ya girgiza masana shi ne mazauninta: Mushtari na ɗaukar kusan shekara 12 kafin ya zagaye rana, ita kuwa tazararta da tauraronta ba ta kai kilomita miliyan 8 ba, alhali tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne. Da'irar ƙarama ce, gudun kuma mai tsanani, shi ya sa kwana huɗu da 'yan awoyi suka ishe ta.

Amma babu wanda ya gan ta, kuma babu hotonta. Zane-zanen da ake yaɗawa a Facebook aikin masu zane ne, kuma yana ɓata mini rai idan an sa su ba tare da an faɗi haka ba, domin ranar da yaro ya gane zane ne sai ya ɗauka dukan labarin ƙage ne. An san da ita ta hanyar awo, kuma a ganina awon ya fi hoto ƙarfin hujja.

Ga yadda nake nuna wa ɗalibaina. Nakan fitar da su tsakar makaranta, in kira mafi ƙarfin jiki a ajin da wani ƙaramin yaro, su riƙe hannuwa su yi ta juyi. Ƙaramin ne ke yin babban zagaye, amma duk mai lura zai ga babban ma bai tsaya wuri ɗaya ba, yana jingina baya, sawunsa na zana ƙaramar da'ira a cikin ƙura. Sai in ce su rufe ƙaramin da tafin hannu su dubi babban kaɗai: rangajinsa ya isa ya shaida cewa akwai mai jan sa. Haka tauraron yake, yana matsowa wajenmu yana komawa da gudun kimanin kilomita 200 a awa, kuma yana maimaitawa duk kwana huɗu ba fashi. Yadda ake gane matsowar kuwa, kowa a garin nan ya san misalinsa daga babura: ƙarar ham ɗin mai tahowa siririya ce, da ya wuce sai ta yi kauri. Haske ma haka yake, launinsa na ɗan sauyawa gwargwadon tahowa ko tafiya, kuma na'urar da suka yi aiki da ita tana auna wannan sauyin.

Da farko wasu masana sun yi shakka, kuma suna da dalili, don a lokacin an ɗauka manyan duniyoyin iska sai nesa da tauraro suke samuwa, inda sanyi yake. Ni ma haka na koya, haka kuma na koyar a shekaruna na farko daga wani tsohon littafi, har sai da na dawo gaban aji na gyara maganata. A 1999 aka ga wata irinta, HD 209458 b, tana gilmawa ta gaban tauraronta, haskensa ya ragu da kusan kashi 1.5 cikin ɗari a daidai lokacin da lissafi ya nuna. Daga nan gardama ta kwanta. Bayanin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne a nesa suke samuwa, daga baya su gangaro kusa.

Batun narka ƙarfe yana buƙatar ɗan gyara. Zafin 51 Pegasi b ya kai wajen digiri 1,000, wanda ya zarce abin da maƙeran tukwane ke bukata su narka sanholo, wato digiri 660, amma baƙin ƙarfe sai ya haura 1,500. Wataƙila malaminsa ya haɗa da labarin wata duniyar daban mai suna WASP-76b, wadda gefenta mai fuskantar tauraro ya wuce digiri 2,000, har ƙarfe na zama tururi. Irin waɗannan duniyoyi fuska ɗaya suke bai wa tauraronsu kullum, kamar yadda wata ke yi mana, gefe guda rana ba faɗuwa, ɗayan dare ba wayewa.

Tauraron kansa ana iya ganinsa. A ƙarshen Oktoba, bayan ɗaukewar damina kuma kafin hazo ya sauko, a fita da yaron bayan gari, nesa da fitilu, wajen ƙarfe tara na dare a daren da babu farin wata. Kusan tsakar ka za a ga taurari huɗu masu haske sun yi murabba'i babba. A gefensa na yamma, kusan tsakiyar taurari biyun da ke wannan gefen, ɗan waje kaɗan, akwai wani mai dishi-dishi da sai ido ya saba da duhu yake kama shi. Ina da madubin hangen nesa na hannu, kuma idan kuna nan Garwa zan ara masa in lokacin ya zo, in sha Allahu.