Safar tacewa ta tankin kifin ruwan gishiri: a wanke ko a jefar?

Ɗan'uwa mai tambaya daga Jidda, ka ce safar tace datti da ke bakin bututun tankin ƙasa (wato tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin na kifin) tana toshewa, shin wankewa ake ko sabuwa za ka saya. Wankewa ake malam, kada ka ɓarnatar da riyal ɗinka.

Amma fa kada ta wuce kwana 3 zuwa 4 a ciki, don kashin kifi da ragowar abincin da ta kama suna nan cikin ruwan suna ruɓewa, sinadaran naitiret da fosfet da ruɓewar ke haifarwa su hau, gansakuka ta mamaye maka duwatsu, murjani kuwa ba ya son haka sam. Ni dai shawarata ka tanadi guda biyar ko shida kana canzawa.

In sun taru sai ka juya cikinsu waje, ka fesa musu ruwa, ka zuba a injin wanki ba omo ba sabulu, wannan kam kada ka kuskura, sabulu kashe kifi yake. Ɗan Clorox (ruwan bilic) zalla marar ƙamshi ya isa, ka ɗauraye sau biyu, ka shanya su bushe ƙarau har warin ya tafi gaba ɗaya, ranar Jidda ai ba ta wasa.

Safa mai maikuron 100 (awon girman ƙofofin saƙarta ke nan) ta fi tace ruwa amma saurin toshewa gare ta, mai 200 ta fi sauƙin sha'ani. Ran da ka ga ta yi tauri, ko ta huje, ko ruwa na malala ta samanta alhali yanzu ka wanke ta, to jefar da ita.