Amsa kan tikitin Interrail na matasa

Ɗan uwa ka tambaya ko ɗalibi ɗan Najeriya mazaunin Jamus zai iya sayen Interrail, wato tikitin jirgin ƙasa na zaga ƙasashen Turai, eh zaka iya, inda kake zaune suke dubawa ba fasfo ba, wanda baya zaune a Turai shi Eurail zai saya. Rangwamen matasa sai in baka wuce shekara 27 ba ranar fara tafiya. Nau'in Interrail da ake kira Global Pass na aiki a ƙasashe 33 amma fa a cikin Jamus kwana biyu kawai zai maka aiki, ranar fita da ranar dawowa. Sannan TGV, jirgin ƙasa mai gudu na Faransa, da jiragen ƙasa na dare sai ka biya kuɗin kujera daban, don Allah ka kama da wuri, lokacin zafi cika suke. Ingila kuma sai da bizarta.