Amsa kan ma'anar "paint the town red"

Malam, ka tambayi abin da abokin aikinka yake nufi da "paint the town red". Fassararta kai tsaye ita ce "shafe gari da jan fenti", amma ba maganar fenti yake yi ba. Turawa kan faɗi haka in za su fita gari da dare su sheƙe ayarsu, daga wannan gidan rawa zuwa waccan mashaya, ana ɓarin kuɗi har asuba. Galibi murna ce ke jawo shi, kamar gama jarrabawa ko samun ƙarin girma.

Wasu na danganta maganar da wani basarake, Marquis na Waterford, wanda shi da abokansa suka yi tatul da giya a 1837, suka shafe ƙofofi da jan fenti a garin Melton Mowbray na Ingila. Sai dai a jaridun Amurka aka fara ganinta a rubuce, a shekarun 1880.

Maganar raha ce ta abokai, kada ka sa ta a wasiƙar ofis.