Na canza manaja sau biyu, ƙorafin baƙi bai ragu ba

Tambaya: Ina da otal mai ɗaki 60. Baƙi suna zuwa, amma ƙorafi ya yi yawa: mutum ya iso ƙarfe uku ya tarar ba a gyara ɗakinsa ba, wani kuma a ba shi ɗakin da na'urar sanyinsa ta lalace. Na canza manaja sau biyu, ban ga sauyi ba. Wani mai ba da shawara ya ce in ƙara kyamarori, kuma kada a yi komai sai da sa hannuna. Ciniki kullum baya yake yi, hankalina ya tashi. In sallami ma'aikatan ne gaba ɗaya?

Amsa: Kada ka sallami kowa tukuna, Alhaji. Matsalar tana tsakanin sassa uku ne: masu tarbar baƙi, masu gyaran ɗaki, da masu gyaran famfo da lantarki. Kowa yana aikinsa, amma labari ba ya isa ga na gaba a kan lokaci.

Yi lissafi. A ce baƙi 25 za su fita yau, lokacin fita ƙarfe 12, na shiga ƙarfe 3. Ɗakin da aka bari yana cin kamar minti 40 kafin ya gyaru, wato mutum ɗaya ɗaki huɗu zai gama a awa ukun nan. In ana jiran sai sha biyu a fara, sai ka tanadi mutum shida zuwa bakwai. Amma yawancin baƙi da safe suke fita. Don haka kafin ƙarfe takwas masu tarba su miƙa jerin masu fita da na masu isowa da wuri, kuma duk makullin da aka dawo da shi a sanar nan take. Ɗakin da ya lalace a cire shi daga kwamfuta a take, a rubuta ranar da za a gama gyaransa. Ɗaki uku a rufe kwana goma, cinikin ɗaki ɗaya na kwana 30 ke nan ya tafi, kuma daren da ya wuce ba a sake sayar da shi.

To, shawarar mutumin nan ita ce abin da ya fi ɓata min rai. Kullum muna haɗuwa da masu otal da aka cusa wa tunanin cewa shugabanci shi ne komai ya bi ta hannun mai gida. Makullin sito a aljihunsa, ragi sai ya sa hannu, canza wa baƙo ɗaki sai an buga masa waya. Ƙarfe ɗayan dare famfo ya fashe, baƙo yana tsaye da jakarsa, yaron da ke kan tebur yana ta kiran wayar da ba a ɗauka. Gobe a kira yaron a yi masa faɗa. An bar jaki ana dukan taiki. Manajan da ba ya iya sayen ƙwan fitila sai da izini, me kake so ya shugabanta? Shi ya sa na biyun ya ƙare kamar na farkon, na ukun ma haka zai ƙare. Kyamara kuwa tana nuna maka wanda ya tsaya a baranda, ba ta gaya wa mai gyaran ɗaki cewa baƙon lamba 14 ya fita. Masu irin wannan shawara galibi kayan suke son sayar maka. Kamfanin otal-otal na Ritz-Carlton ya ba kowane ma'aikacinsa damar kashe har dala 2,000 don warware matsalar baƙo ba tare da neman izini ba. Ba na cewa ka kwaikwayi adadin, amma ka yanka naka daidai ƙarfinka, a rubuce, kowa ya san iyakarsa, washegari a kawo maka bayanin abin da aka kashe.

Sannan a riƙa zaman minti 15 kowace safiya, shugabannin sassan a tsaye, da littafin miƙa aiki tsakanin masu dare da masu rana. Duk mako ka yi lissafi, ka raba kuɗin da ɗakuna suka kawo da adadin ɗakunan otal ɗin duka, har da na rufe, don ka ga abin da kowane ɗaki yake kawowa, ka kuma ƙirga ɗaki nawa ne ba a shirya ba da ƙarfe uku. Ka ba manajan wata uku a kan wannan tsari kafin ka yanke masa hukunci.