Ramukan leɓen ƙasa da tsagewar ganda: gado ne?

Tambaya: Likita, an haifa mini ɗa da tsagaggen leɓe, tsagar ta kai har ganda. Ma'aikaciyar jinya ta ga ƙananan ramuka biyu a leɓensa na ƙasa, sai ta ce in buɗe nawa bakin, ashe ni ma ina da su. Daga gare ni ya gada? Kuma yaya haƙoransa za su kasance?

Amsa: Allah Ya raya shi, Malama. Wannan ma'aikaciyar ta yi aiki da lura, domin ramukan nan su ne babbar alamar abin da ake kira ciwon Van der Woude, sunan Anne Van der Woude wadda ta yi cikakken bayaninsa a 1954. Cikin duk yara 100 masu tsagewar leɓe ko ganda, kusan 2 ne ke da shi. Yawanci canji ne a wata ƙwayar gado mai suna IRF6, wadda aka gano alaƙarta da shi a 2002.

Ramukan kan zauna ɗaya dama ɗaya hagu da tsakiyar leɓen ƙasa. A wani kamar tsinin allura suke, a wani kuwa har ɗan tudu ke kewaye da su, kuma miyau kan tsattsafo daga ciki. Ba su da zafi, shi ya sa mutum kan girma da su bai taɓa ɗaukar su a bakin komai ba.

Alamu sun nuna gado ne, amma ba laifinki ba ne, ba kuma wani abin da kika ci ko kika yi da ciki ba. Idan uwa ko uba na ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da kashi 50 cikin 100 na gadonta. Sai dai ba ta bayyana iri ɗaya: ke ramuka kawai, ɗanki leɓe da ganda, wani ɗan'uwa kuma beli ne ya rabu biyu, ko tsagar ta ɓuya ƙarƙashin fatar ganda, sai an ji magana na fita ta hanci. Don haka a duba sauran yaranki. Basirar yaro kuwa galibi lafiya lau take.

Haƙora su ne inda nake so ki fi sa ido, domin iyaye kan saki jiki da zarar an ɗinke leɓe. Yawancin matsalar a haƙoran girma take: wasu ba sa tsirowa sam, musamman ƙananan turame na biyu da haƙorin sama da ke tsakanin na gaba da fiƙa. Wanda ke bakin tsagar kan fito a karkace ko ƙarami. Muƙamuƙin sama ma yakan ƙi girma sosai, sai haƙoran ƙasa su rufe na sama, tsakiyar fuska ta ɗan shige ciki. Ki kula da haƙoran nono ƙwarai, kada ki ce ai za su faɗi. Idan babu na girma a ƙarƙashi, na nonon ne zai riƙe gurbin shekaru da yawa.

Ana ɗinke leɓe wajen wata 3 zuwa 6, ganda kuma tsakanin wata 9 da 18. Wajen shekara 8 zuwa 11 akan dasa ƙashi a tsagar dasashi kafin fiƙa ta fito, sannan a jera haƙoran da waya. Hoton muƙamuƙi kafin lokacin shi zai nuna haƙoran da babu. Ramukan ana iya cire su idan suna zubar da miyau ko suna damun mai su. A riƙa gwada jin yaron kuma, saboda ruwa kan taru a kunnen yara masu tsagewar ganda, ya jinkirta musu magana.