Anti, jinin al'adata ya ƙi tsayawa

Salamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki ba ni shawara amma kar ki sa sunana. Shekarata 19, ina makaranta, ban yi aure ba. Tun ina 'yar shekara 13 na fara al'ada kuma har yau ba ta taɓa daidaita ba, sai in yi wata biyu ko uku ban gani ba, in kuma ta zo sai ta yi kwana 12 har 14 da guda-guda kamar hanta, wani sa'in ko awa biyu ba a yi na canza fad. Yanzu in na miƙe tsaye jiri nake ji, ga kwaɗayin ƙanƙara da farar ƙasa, ga wani gashi da ya fara fito min a haɓa. Mama ta ce in na yi aure zai daidaita, gwaggona kuma ta ce shafar aljanu ce har ta kawo min jiƙo da hayaƙi. Sallah ma ta rikice min wallahi.
Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu kin ji, Allah ya ba ki lafiya. Mama tana da gaskiya ta wani gefen, don yarinya in ta fara al'ada, shekara biyu zuwa uku na farko abin sai a hankali, yau ta zo gobe ta ɓace, kuma da kanta take saituwa. To amma ke fa shekara shida kenan, kin wuce wannan layin, kuma aure ba magani ba ne, ba abin da ɗaurin aure yake canzawa a mahaifa. A ƙa'ida daga ranar da jini ya fara zuwa ranar da na gaba zai fara kwana 21 zuwa 35 ne, shi kuma jinin kar ya wuce kwana bakwai ko takwas. Naki ya saɓa duka biyun.

Ga abin da nake zargi, ki lura zargi na ce don ba a duba mara lafiya ta wasiƙa. Duk wata ƙwai ɗaya yake fita, to fitarsa ce take sa jiki ya saki sinadarin da ke tsayar da shimfiɗar cikin mahaifa ta nuna, sannan ta zube gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki a wuce wurin. In ƙwan bai fita ba shimfiɗar nan sai ta yi ta ƙara kauri, kamar katangar ƙasa da ake ta lafta wa yaɓe ba a bari ya bushe ba, wata biyu wata uku, ran da nauyi ya yi mata yawa sai ta fara ruftawa ɓangare-ɓangare, shi ne kike ganin guda-guda da jinin da ya ƙi ƙarewa. Babban abin da ke hana ƙwai fita a 'yan mata sa'anninki shi ne larurar da ake kira PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke shafar ma'ajiyar ƙwan mace, kuma gashin haɓar nan naki shi ya ɗauki hankalina, sau da yawa tana haɗawa da ƙurajen fuska da ƙiba da duhun fata a bayan wuya. Matsalar maƙoƙo ma tana yin haka ko da wuyan bai kumbura ba, haka ramewa farat ɗaya ko damuwa mai tsanani irin ta lokacin jarrabawa.

Akwai kuma wadda ba a cika tunawa da ita ba. Wasu jininsu ne ba ya saurin daskarewa tun haihuwa, gado ne, sunanta von Willebrand, sunan likitan ƙasar Finlan da ya bayyana ta a 1926. Ki tambayi kanki, kina yawan haɓo? Dasashinki na jini in kin yi burushi? An taɓa cire miki haƙori jini ya ƙi tsayawa? Ki tambayi Mama ko ita ko 'yan'uwanta sun yi fama da zubar jini bayan haihuwa. In amsar e ce ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Ƙarin mahaifa kuwa da kowa ke saurin ambata ya fi kama waɗanda suka haura talatin, sikanin zai nuna in akwai.

In kin je asibiti za su ce a yi gwajin ciki, dan Allah kar ki ji haushi kar Mama ta ta da rigima, ba zarginki ake ba, duk macen da ta zo da jini irin wannan da shi ake farawa saboda ɓari da cikin da ya zauna a wajen mahaifa su ma da jini suke zuwa, na biyun kuma yana iya kisa cikin awoyi. Daga nan sai a auna yawan jininki, ni shi ya fi damuna ma, jirin nan da cin farar ƙasa alamar ƙarancin jini ce ƙarara. Za a ba ki ƙwayar ƙarin jini ta wasu watanni, ki dage da hanta da wake da zogale da alayyafo, ki daina kora abinci da shayi don yana tare sinadarin ƙarfen da jiki ke son zuƙa. Akwai magungunan rage zubar da na daidaita al'adar, suna aiki sosai, amma likita ne zai zaɓa, ba yaron kemis ba. Asfirin kuwa ki nisance ta, ƙara zubar take yi. Addu'a ki yi ta yi ba wanda ya hana, jiƙon da ba ki san me ke ciki ba ne ban yarda da shi ba. Ran da kika ga kina jiƙa fad duk awa, ko numfashi na yi miki wuya, ko kin yanke jiki kin faɗi, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Batun sallah, a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, mai sananniyar al'ada kuma kwana uku take ƙarawa kan abin da ta saba, abin da ya haura istihala ne sai ta yi wanka ta ci gaba da ibada. Tunda naki lissafin a cuɗe yake, ki riƙa rubuta ranakun a littafi, ki kai wa malamar Islamiyyarku, shi kuma littafin ki tafi da shi wajen likita.

Anti ni kuma wata huɗu da aka sa min ashanar tsarin iyali a hannu, tun daga nan jini ke ɗan ɗiga min ba ƙa'ida, maigidana ya ce in je a cire. Illa ce?
Maman biyu, Maraɗi

Maman biyu, wannan sanannen hali ne na ashana da allurar wata uku, musamman a watannin farko, kuma ba ya nufin ta daina aiki ko ta lalata mahaifa. Ki koma inda aka sa miki, akwai maganin da suke bayarwa ya lafa, in kuma ya ishe ki haƙƙinki ne a cire a canza miki wata hanyar. Amma in jinin bayan kwanciyar aure yake zuwa, ko da ciwon mara da ruwa mai wari, to a duba bakin mahaifa, ciwon sanyi ma yana kawo shi, kuma in shi ne ku biyu za a yi wa magani har da maigidan.