Amsar Gwaggo Kan Suna, Kallabi da Kunya a Ofishin Amurka

Uwata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Shikago? Saƙonki ya iso, na karanta shi a tsanake. Kin ce wata baƙar fata 'yar asalin can, wadda ta daɗe a kamfanin akantocin da ya ɗauke ki, ta ja ki gefe ta ba ki shawara uku: ki gutsure sunanki yadda zai zauna a bakin Turawa, ki rage girman ɗaurin kallabi, ki daina zille wa zaman mashaya da ake yi bayan an tashi aiki. Babanki kuma ya ce in kika taɓa ko ɗaya kin zubar da al'ada. Kina tambaya me ake ajiyewa a bakin ƙofar ofis, me ake shiga da shi, kuma ko munafunci ne mutum ya kasance da murya biyu, ta ofis da ta gida.

Kin san a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfanin inshora na yi aiki a can kafin in yi ritaya in dawo Kaduna, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Da farko kada ki riƙe matar nan a zuciya. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, kuma abin da ta gaya miki gado ne ta raba da ke. Kan baƙar mace a Amurka ya daɗe yana shan doka. A 1786, lokacin Sifaniyawa na mulkin Luwiziyana, gwamna Esteban Miró ya umarci mata baƙaƙe su rufe gashinsu da ɗankwali don a san matsayinsu, su kuwa suka nemo yadi mai kyau suka mai da ɗaurin ado. Da zamani ya juya sai aka koma cewa a buɗe kan, amma a miƙar da gashin ya kwanta irin na Turawa. A 1981 wata ma'aikaciyar kamfanin jiragen American Airlines, Renee Rogers, ta kai ƙara saboda an hana ta zuwa aiki da kitso, kitson nan dai namu da ake yi wa yarinya a tsakar gida, kotu ta ba kamfani gaskiya. A 2010 a garin Mobile na jihar Alabama aka ɗauki Chastity Jones aiki, sannan aka janye saboda ta ƙi yanke gashinta na dada, kuma a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba a karya doka ba. Sai a 2019 Kalifoniya ta zama jiha ta farko da ta kafa dokar da suke kira CROWN, wadda ta hana nuna wa mutum bambanci saboda yanayin gashinsa ko kitsonsa. Jiharku Ilinoi tata ta fara aiki a farkon 2023. Lissafa ki gani, matar nan ta yi yawancin shekarun aikinta babu wannan kariya. Wataƙila ta sha ƙunar man miƙar da gashi a fatar kanta tun tana yarinya, man da wani babban bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka ya nuna a 2022 cewa masu yawan shafa shi sun ninka sauran mata haɗarin kamuwa da kansar mahaifa. Ta biya kuɗin shiga da jikinta, shi ya sa take ganin ke ma sai kin biya.

Maganar suna ma ba shaci-faɗi ta yi ba. Wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki na bogi kusan 5,000 ga kamfanonin Boston da Shikago ɗin nan da kike zaune. Ilimi iri ɗaya, ƙwarewa iri ɗaya, sunan da ke sama kawai suka canja. Sakamakon da suka fitar a 2004 ya nuna masu sunan Turawa sun fi samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka duk wanda ya gajarta sunansa a takarda don dai a buɗe masa ƙofa, ni ba na ganin laifinsa, yana da haya a kansa da 'yan uwa masu jiran aike.

Amma ke kin riga kin shiga. Kuma laƙabi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ni kaina ban taɓa furta sunanki ba tun ranar da aka raɗa miki shi, domin sunan mahaifiyata ne, shi ya sa kike Uwata. Gidan Bahaushe cike yake da su Ummi, Abba, Baffa, da su Ladi da Asabe waɗanda wasu ma sun manta sunansu na yanka. Sai dai mu muna sakaya suna ne saboda nauyinsa a bakinmu. Wanda ake so ki yi a can kuwa don a sauƙaƙa wa wanda bai ga dama ya koya ba ne. Shikago tana cike da jikokin 'yan Folan masu sunaye dogaye, kuma abokan aikinki suna kiransu daidai ba tare da gardama ba. Faɗi naki a hankali, rubuta yadda ake furta shi a ƙasan imel ɗinki, in an karkace shi ki gyara da fara'a, gobe ma ki gyara. A Amurkar nan ce ɗan dambe Muhammad Ali ya yar da sunan Cassius Clay a 1964, ya ce sunan bauta ne, kuma a 1967 da abokin karawarsa Ernie Terrell ya ƙi kiransa da sabon sunan, sai da ya riƙa kai masa naushi yana tambayarsa ya sunana. Su suna faɗa ne su samo irin sunan da ke kika samu da rago da goro, don haka ban ga dalilin da za ki bayar da shi a araha ba.

Kallabi kuma ki raba shi biyu. Rufe kai addini ne, girman ɗauri ado ne. Ɗaurin biki da ke tokare wa na bayanki allo a ɗakin taro, ko a ofishin banki a Kano ba wurinsa ba ne, ki rage shi hankalinki kwance, ki zaɓi yadi marar hayaniya. Rufewar kuwa doka tana bayanki. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta hana mai ɗaukar aiki nuna bambancin addini, kuma a 2015 Kotun Ƙoli, alƙalai takwas cikin tara, ta ba Samantha Elauf gaskiya a kan kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch da ya ƙi ɗaukarta saboda hijabi. Majalisar wakilai ma ta gyara dokarta ta hana rufe kai, wadda ke nan tun 1837, lokacin da Ilhan Omar, Musulma mai hijabi, ta shiga a 2019. Kafin babanki ya ce halin Turawa ne, a tuna masa a Abuja aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a 2017 saboda hijabinta, sai a 2018 aka rantsar da ita.

Zaman mashaya ban da dogon bayani a kai. Ba giyar suke bi ba, hirar ce, a nan ake jin wane aiki ke tafe da wa za a ba. In zuciyarki ba ta natsu da wurin ba, bar shi, amma ki biya bashin a wani wuri: cin abincin rana tare, shan gahawa da safe, ko ki kai musu cincin da dublan bayan Sallah. In taron ban kwana ne da wani a gidan abinci, je ki, riƙe lemonki, gaisa da kowa, ki tafi kafin magariba ta kuɓuce miki. Musabaha da maza ma haka, ɗora hannu a ƙirji da murmushi tun kafin ya miƙo nasa, don kada ki bar shi da hannu a sama a gaban mutane.

To, yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, wanda kuma shi ya fi hana ni barci a kanki. Al'adar da za ta ci ki a ofishin nan ba a kanki take ba, a bakinki take. Mun rene ki a kan kunya da kawaici. Ba a kallon babba ido cikin ido, ba a katse shi, ba a kiran sunansa gatsal, kuma an karanta miki cewa yabon kai jahilci. Duk tarbiyya ce mai kyau a inda ake iya karanta ta. A can ba su iya ba. Sunkuyar da kai suna ɗaukarsa rashin gaskiya ko rashin sanin aiki. Shiru a mitin suna ɗaukarsa ba ki da abin cewa.

Akwai wani yaro daga ƙasashenmu na Afirka ta Yamma da na taɓa gani, mai ƙoƙari ƙwarai, shi ke kunna fitilar ofis shi ke kashewa. Ƙarshen shekara aka raba takardar da kowa ke rubuta abin da ya yi da hannunsa, wadda da ita ake duba ƙarin albashi da ƙarin girma. Takardarsa ta zo teburina da layi biyu: ya gode wa shugabansa, ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa tare da taimakon abokan aiki. Na kusa da shi, wanda rabin aikinsa yaron nan ne ke gyara masa, ya cika shafuka, kowane aiki da kwanan wata da adadin kuɗin da ya ce ya ceto wa kamfani. Na mayar masa da takardar na ce sake. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata, ya ce, "Mama, ai sun gani da idonsu." Ba su gani ba. Waɗanda ke yanke hukuncin suna wani bene, takarda kawai suke gani.

Saboda haka ki buɗe wani fayil a kwamfutarki tun yau. Duk aikin da kika gama, duk kuskuren lissafin da kika kamo, duk imel ɗin godiya daga abokin hulɗa, ki adana. Wannan ba alfahari ba ne, shaida ce, kuma ke akanta ce, kin san littafin da ba a rubuta ba babu shi. In manajanki ya ce ki kira shi da sunansa, kira shi, ko da ya girmi babanki, domin girmamawa a wurinsa ke nan, ki bar russunawa sai kin zo gida. A mitin ki yi magana da wuri, kafin kunya ta gama ɗaure miki harshe. In wani ya maimaita shawararki kamar tasa, ki ce cikin sanyin murya kin ji daɗi da ya goyi bayan abin da kika kawo ɗazu. Na ce sanyin murya da gangan, domin akwai tambarin da ke jiran kowace baƙar mace a can, na cewa masifaffiya ce. Farar mace ta ɗaga murya a ce tana da ƙwazo, ke ki ɗaga a ce kina da wuyar sha'ani. Ba adalci ba ne, amma gara ki san ramin da ke gabanki. A nan kawaicin namu yake da rana, ki riƙe fushin, ki faɗi maganar.

Kuma ki sani ba wanda zai ce miki saboda kallabi ko launin fata aka tsallake ki. Abin da na sha ji a ɗakin tantancewa shi ne, wance tana da ƙoƙari, amma ba ta saje da mu ba. Da wuya ki iya kai wannan kotu. Maganinsa shi ne ki samu babba guda a kamfanin da ya san aikinki da kyau, wanda zai ambaci sunanki a ɗakin da ba kya ciki.

Batun murya biyu kuwa, ban san Bahaushen da yake da guda ɗaya ba. Yadda kike gaida surukar yayarki daban, yadda kike tsokanar 'ya'yana abokan wasanki daban, yadda kike ciniki a Kantin Kwari daban, kuma ba wanda ya taɓa ce miki munafuka. Munafunci sai in abin da ke cikin maganar ya canja, ki yi dariyar abin da ya ɓata miki rai, ko ki yi shiru ana zagin naki. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne gajiya. Malamin baƙaƙen Amurka W.E.B. Du Bois ya bayyana ta tun 1903, wato mutum ya wuni yana kallon kansa da idon wasu. Tana cin mutum a hankali. Ki nemi inda za ki sauke ta, masallaci, ko gidan 'yan uwa inda za a tuƙa tuwo a yi Hausa har dare.

Abu guda da ba zan yafe miki ba shi ne ki shiga sahun 'yan Afirkan da ke raina baƙaƙen can. Za ki ji Bature ya yabe ki ya ce ke daban ce, ba kamar su ba. Kada ki karɓi wannan yabon, ranar da aka tashi rage ma'aikata ba a tambayar wace unguwa kakanki ya fito. Ɗalibai huɗu baƙaƙe da suka zauna a kantin abinci a Greensboro a 1960 suka ƙi tashi, da dubban da aka daka aka ɗaure, su suka jawo dokar 1964, kuma iskar gwagwarmayarsu ce ta taimaka aka gyara dokar shige da fice a 1965 wadda ta buɗe wa irinmu hanya. Ursula Burns da ta zama shugabar kamfanin Xerox a 2009, baƙar mace ta farko da ta riƙe ɗaya daga cikin manyan kamfanoni 500 na ƙasar, da gajeren gashinta na halitta ta hau kujerar. Koma wurin matar nan, ki gode mata, ki gaya mata wanda za ki ɗauka da wanda za ki bari, sannan ki tambaye ta wane manaja ne ke tsaya wa na ƙasa da shi, wane ne kuma ke cin guminsu. Wannan sanin yana wurinta, ba ya cikin littafin da suka ba ki ranar farko.

Kafin azumi ya kama, rubuta wa sashen ma'aikata a rubuce, ba da baki ba, ki nemi ɗan wurin da za ki yi azahar da la'asar da kuma hutun ranar Sallah. Gaya musu ranar tana iya motsawa da kwana ɗaya saboda ganin wata, domin wannan ne ke rikita su kowace shekara. Ajiye amsar da suka ba ki a fayil ɗin nan. Babanki kuma bar ni da shi, ƙanena ne, zan same shi bayan sallar Juma'a.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar abokan zama.

Gwaggonki